Ranar da Delmer Ya Tafi Ba Sallama

Tun ranar da Delmer Rustad ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika wa masu binciken asali, mutanen Norvale ba su ƙara shan kofi cikin kwanciyar hankali ba. Sakamako ya dawo ya ce jininsa na Norway ne tsantsa, irin na kusan kowa a wannan yanki na jihar Minnesota ta Amurka, in ban da wani ɗan ɗigo, kashi uku cikin ɗari, na Faransa. Da wani ne, da ya yi dariya ya wuce. Delmer kuwa a kan ukun nan ya tare da kayansa.

Sana'arsa sayar da injin yanke ciyawa da rani, da injin kwashe dusar ƙanƙara idan sanyi ya shigo. Baki kuwa kyauta yake raba shi duk shekara. Faransa bai taɓa taka ta ba. Iyakar tafiyarsa Winnipeg ta Kanada, ita ma ɓatan hanya ne ya kai shi.

Kafin Faransa ta shiga jininsa, abu ɗaya ne ke hana Delmer barci: ɗakin kamun kifin surukinsa, marigayi Einar. Ɗan ɗakin katako ne ja, wanda ake jansa zuwa tsakiyar tafki idan ruwa ya daskare, a zauna ciki a huda ƙanƙara a zura ƙugiya. Ba ɗakin ne abin so ba kamar gurbinsa, domin Einar ya gano inda kifi ke taruwa, kuma a Norvale ba mai kafa ɗaki a gurbin wani. Tun rasuwar tsohon, matarsa Mama Solveig take sawa a kai ɗakin gurbinsa duk shekara, ta garƙame shi da kwado, ta jefa makulli a aljihu. Surukai biyu gare ta, Delmer mijin Verna da Curt mijin ƙanwar Verna, kuma kowa ya san ɗayansu ne zai gada. Curt irin mutanen nan ne da in sun ce "uhm" sun yi surutun mako guda. Delmer kuwa tuni ya sanar da gari cewa ɗakin nasa ne, har ya zaɓi launin labule.

Wata safiya a gidan abincin Lorna, inda mazan gari ke taruwa su sha kofi su gyara duniya, Delmer ya ɗaga takardar abinci sama.

"Ku buɗe idonku ku gani," in ji shi. "Duk abin da ya amsa sunan abinci a nan, sai kun ga an liƙa masa French, wato na Faransa. Soyayyen dankali, French. Burodin da aka tsoma a ƙwai, French. Ku fita waje ma. Ƙofar gilas mai murfi biyu, French. Kitson da 'ya'yanku mata ke yi, French. Har sumba, in dai ta kai sumba..."

"Delmer, akwai yara a nan," in ji Lorna, tana zuba kofi.

"Turanci da kansa ya sallama mana, abin da nake faɗa ke nan. Duk abin da ya fi ƙarfinsa sai ya ce namu ne. Kun ma san asalin kalmar? Sunan wata ƙabila ne, Frank. 'Yantattu ke nan. Mutanen da ba sa rusuna wa kowa."

"Ni dai na ji an ce daga wajen Jamus suka fito," in ji Pat Dooley, abokinsa tun firamare, wanda bai taɓa barin maganar Delmer ta faɗi ƙasa ba tare da ya taka ta ba.

"Hassada ce ke damunka."

"To, ranka ya daɗe Bafaranshe, in mutum ya ƙunduma ashar a gaban mata, me yake cewa? Ba cewa yake a gafarce shi, Faransanci ya yi ba? Wannan ma gadon gidanku ne?"

"Ka gani? Ko zaginmu mutum ya ara, sai ya ba da haƙuri. Naku zagin wa ya taɓa ara?"

Aka kwashe da dariya, Delmer ya ɗauka shi ya ci. Da ya tsaya a kan dankali da burodi, da ba wanda zai cutu. Amma a makon nan ne ya ci karo da abin da Turawa ke kira fitar Faransawa, wato mutum ya sulale daga taro ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Ita sallama a Norvale aiki ce. Baƙo zai dafa gwiwa ya ce, "To, bari mu kama hanya," sai a sake cika masa kofi. Ya miƙe, a tsaya hira a tsakar falo. Ya sa kwat, a tsaya hira a bakin ƙofa har gumi ya karyo masa. A cusa masa sauran abinci a tsohuwar robar man shanu, ya ƙi sau biyu, ya karɓa a na uku. A raka shi mota, ya sauke gilas, a ɗora daga inda aka tsaya. Kuma duk maganar da ta isa magana, a nan ake yin ta. A teburin abinci sai zancen sanyi da farashin masara, amma ciki, aure, ciwo da rabon gado ba a taɓo su sai mutum ya ɗora hannu a mariƙin ƙofa. Shi kansa Delmer a bakin ƙofa ya nemi auren Verna, hularsa a ka, motarsa na ruri a waje.

"Rabin rayuwarku a bakin ƙofa kuka ƙarar da ita," ya shaida wa mutanen gidan Lorna. "Mutum mai aji ba ya sallama. Ana cikin jin daɗinsa sai a waiga a ga ba shi, a yi ta begensa. Ni zan koya wa garin nan wayewa. Ba taron da ba zan ɓace daga cikinsa ba, ko kyanwar gidan ba za ta sani ba."

"Wannan ai tamu ce," in ji Pat, wanda shi kakanninsa daga Ireland suka zo. "Sallamar 'yan Ireland muke kiranta. Su Faransawan kuma an ce fitar Ingilishi suke ce mata. Kowa tura wa maƙwabcinsa yake yi, ba mai so."

"Ba mai so? To ni na karɓa."

"Kai da ko atishawarka sai an ji ta a gidan mai?"

"Ran Lahadi ka zuba ido."

Ran Lahadi, bayan an tashi daga coci an sauka ɗakin ƙasa shan kofi, Delmer ya faki ido ya bi ta ƙofar baya. Ya isa mota yana murmushi, ya laluba aljihu, sai ya tuna makulli yana jakar Verna. Komawa ciki kuma faɗuwa ce. Ya shiga motar ya zauna, sanyi na shiga ta ƙasan wando. Can sai jama'a suka fara fitowa. Matar fasto ce ta fara hango shi, ta zo ta ƙwanƙwasa gilas. Da yake gilas ba ya sauka ba makulli, dole ya buɗe ƙofa. Kafin ka ce me, an yi layi. Duk wanda ya fito sai ya zo ya yi masa sallama, ya tambayi lafiyar bayansa, ya ba shi labarin nasa bayan. A tarihin cocin nan ba a taɓa yi wa mutum ɗaya sallama mai tsawon ta ranar ba.

Pat ne na ƙarshe. Ya leƙo ya ce, "Ban ga fitarka ba sam. Sai dai in ce Allah ya ƙara basira."

"Gwaji ne," in ji Delmer, haƙoransa na kaɗawa. "Babban aiki yana gaba."

Babban aikin kuwa shi ne bikin cikar Mama Solveig shekara tamanin da biyar, a gidanta da ke bakin tafki. Tun a hanya Verna ta ja masa kunne.

"Mama ta ce yau za ta raba gardamar ɗakin Baba. Don Allah, Delmer, ka zauna ka ci abinci ka yi sallama kamar ɗan mutane."

"Ke ba ki gane ba. Curt zai manne a bakin ƙofa kamar mai roƙo. Ni kuwa za ta waiga ta ga ba ni, ta ce wannan shi ne mutumin da bai damu da abin hannuna ba. Gobe da safe da kanta za ta aiko da makulli."

"Uwata ce fa. Na san ta."

"Ni kuma jinina nake bi."

"Kashi uku."

"Gishiri ma ai kaɗan ake sawa."

Verna ta juya ta kalli taga.

Gida ya cika maƙil. Takalman sanyi sun taru tsibi guda a bakin ƙofa, kwat-kwat an jibge su a kan gadon ɗakin baƙi. Aka ci gashin dankali da nama, aka yanka kek, aka yi zancen sanyin bana da na shekarar da aka haifi Verna. Mama Solveig, 'yar tsamurmurar tsohuwa mai idon da ba ya kuskure, tana zagaye da butar kofi, hannunta ɗaya a aljihun rigar girkinta. Delmer ya ci faranti biyu, ya ba da labarin yadda kakansa na bakwai mai yiwuwa ya rayu a Paris, sannan ya ga lokaci ya yi.

Matsalar farko, ƙofa a toshe take. Anti Myrtle ta fara sallama tun kafin a yanka kek, kuma yanzu ne ma ta kai ga sa takalmi ɗaya. Takalmansa kuwa suna ƙarƙashin tsibin da take tsaye a kai. Ya duba ƙafarsa, safa ce zalla. A ƙofar banɗaki ya ga silifas ɗin Mama Solveig masu gashi, ya cusa rabin ƙafarsa ciki. Ya faɗa ɗakin baƙi, bai kunna fitila ba don kada a lura, ya fizgo kwat daga cikin tari, ya cika aljihu da kek, ya nufi ɗakin baya.

A nan ne ƙofar Faransawa take, wadda shi da kansa ya kafa wa Mama Solveig da kaka don neman fada. Ƙofar gilas ce mai murfi biyu tana kallon tafki, kuma tun ranar da ya kafa ta ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Tsohuwar ta toshe ƙasanta da tawul, ta liƙe gefunanta da salatif, ta daina shiga ɗakin. Delmer ya ɓare salatif, ya tura da kafaɗa. Murfi ɗaya ya buɗe, ɗayan ya zame daga maƙalinsa ya jingina da bango. Ya yi ƙoƙarin mayar da shi, ya ƙi. Ya ce a ransa iska ma ai tana da amfani ga tsofaffi, ya fice.

Sai da ya fita haske ya ga kwat ɗin da ya ɗauko: shuɗi mai ratsin hoda, da wuyan gashi, na Anti Myrtle. Ya zagaya gaban gida a sunkuye. Yau makullin mota na hannunsa, ya yi wannan dabarar. Abin da bai yi lissafi ba shi ne su suka fara zuwa, saboda haka motarsa ce a can ƙurya, motocin dangi sun jeru a bayanta har bakin titi.

Ya tsaya. Gida da nisa, sanyi kuma ba ya wasa, ga iska ta taso tana kwasar dusar ƙanƙara. Komawa ciki a kwat ɗin mata, Pat na zaune a falo? Gara mutuwa. Ya ɗaga kai, sai ya hango ɗan jan ɗakin can tsakiyar tafki.

"To ai nawa ne," in ji shi. "Gobe ko yau, duk ɗaya."

Ya ratsa tafki a silifas, yana tafe yana tsalle. Kwado na nan a garƙame, amma ya san 'yar tagar gefe sakatarta ta lalace. Ya tuɓe kwat ya jefa ciki, ya matse tumbi ya bi bayansa, ya ja taga ya rufe, ya mayar da kwat jikinsa. Ya kunna ɗan murhun gas na Einar. Ɗumi ya game ɗakin, ya zauna a kujerar tsohon ya miƙe ƙafa, daɗi ya rufe shi. Ga abin huda ƙanƙara a rataye, ga ƙugiya. Wane ne zai ga wannan ya kau da kai? Ya ɗaga murfin da ke daɓen, ya huda rami, bai gamsu ba ya ƙara na biyu, ya zura ƙugiya, ya cinye kek. Kifi bai zo ba, barci ya zo.

Jiniya ce ta tashe shi.

Ya leƙa ta tsagar katako. Gari ne gaba ɗaya a kan tafki. Ga 'yan kwana-kwana da igiyoyi da tsani sun nufi bakin rafi, inda ƙanƙara ba ta da kauri. Ga a-kori-kura iri-iri suna ta zuwa suna fakawa a jikin ɗakin, don shi kaɗai ne abin da ke tare iska a wurin. Muryoyi na shigo masa tar, kamar a cikin ɗakin ake magana.

"Takalmansa na nan, kwat ɗinsa na nan, motarsa na nan," shugaban 'yan kwana-kwana ke faɗa. "An ɓalle ƙofar baya, ga sawu ya gangaro tafki, iska ta share sauran. Ko dai kansa ne ya juye, ko wani abu ya same shi."

"Ni fa ina ganin," muryar Pat ce, a sanyaye, "kamar fitar nan tasa ya yi. Ya tafi ne kawai."

"Ya tafi ina?"

"Gida. Ba sallama."

Sai muryar Mama Solveig, wadda aka kawo a gaban motar Curt an lulluɓe ta da bargo: "Pat, ka ji tsoron Allah. Mutumin da ya ci abincina faranti biyu? Delmer wawa ne, amma ba mara tarbiyya ba ne. In bai yi mini sallama ba, to ba ya iya yi ne."

Kowa ya yarda da wannan, har shi Pat. A duk faɗin gundumar ba wanda kansa zai iya ɗaukar cewa mutum da ransa da lafiyarsa ya bar gidan biki ba sallama. Mutuwa ta fi sauƙin fahimta.

Delmer ya miƙa hannu zai buga bango, sai ya ji Lorna ta ce, "Allah sarki. Gidan abincina zai yi shiru." Hannun ya tsaya. Ai ba kullum mutum ke samun jin abin da ake faɗa a bayansa ba. Ya gyara zama ya kasa kunne.

"Mutum ne na daban," in ji fasto.

"Na daban ƙwarai," in ji matarsa.

"Injin da ya sayar mini bai taɓa tashi ba," in ji Pat, yana jan hanci, "amma na yafe masa duniya da lahira."

"Uhm," in ji Curt. Ya ɗan nisa, ya ƙara da, "Yana da surutu." Masu sauraro suka ce ba su taɓa jin Curt ya yi doguwar magana haka ba.

Sai Mama Solveig ta sake magana. "Ga makullin nan a aljihuna tun safe. Shi zan ba. Einar ya ce mini kafin ya tafi, ki ba Delmer, shi ne ke zuwa ya zauna da ni a ɗakin nan ya cika ni da ƙarya har in manta ciwona. Jira nake ya sa kwat ya zo bakin ƙofa in damƙa masa."

Delmer ya daki iska da hannu. Nasa ne! Ashe tun safe nasa ne! Ya fara tsara yadda zai fito, da abin da zai ce, da irin kallon da zai yi wa Curt. Yana cikin haka ya ji kukan Verna. Ba kuka mai ƙara ba ne, irin wanda mutum ke yi yana ƙoƙarin haɗiyewa. Shekarunsu talatin da aure bai taɓa jin ta yi irinsa ba, kuma abin ya soke shi ƙwarai. Kunya ta kama shi, ya rasa ta inda zai fara. Ya ce bari ya ɗan jira ya samo ƙaryar da za ta shige.

Ƙanƙara ba ta jira shi ba. Nauyin motocin da suka kewaye ɗakin ya sa ta ɗan lotsa, ruwa kuwa ya samu ƙofofi biyu da wani mai basira ya huda masa. Ya bulbulo ya haye daɓe, ya shiga silifas, ya kama idon sawu. Can ƙasa kuma wani abu ya yi ƙara, gum, kamar an buga ganga.

Delmer ya ƙwalla ihu ya ƙunduma wata ashar da ta ratsa katako ta isa kunnen fasto, ya yi kan taga. Da zai shiga ya tuɓe kwat. Yanzu ya manta. Kai ya fita, kafaɗu suka fita, tumbi da kwat ɗin Anti Myrtle suka ce ba inda za su. Ya tsaya cak, rabi a waje rabi a ciki, wuyan gashi ya kewaye fuskarsa, garin kek a gemu.

Jama'a suka yi cirko-cirko. Pat ne ya fara samun bakinsa. Ya cire hula ya juya wajen mata.

"A gafarce shi," in ji shi. "Faransanci yake yi."

"Kwat ɗina!" in ji Anti Myrtle.

"A janye motoci! Kowa ya janye motarsa!" in ji shugaban 'yan kwana-kwana.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku," in ji Delmer daga taga, yana wutsil-wutsil. "Duba lafiyar ɗakin na zo yi. Da ban zo ba, wa zai gano yana yoyo?"

Verna ta matso. Ta tsaya ta dube shi, idonta jawur. Ta sa hannu ta taɓa kumatunsa, ta tabbatar mutum ne ba fatalwa ba, sannan ta tambaye shi a hankali, "Tun yaushe kake jin mu?"

"Yanzun nan na farka."

"Tun yaushe, Delmer?"

"Tun... wajen maganar injin Pat."

"Maganar Lorna fa?"

Ya kau da ido. Kowa kuwa ya gane amsar.

Mama Solveig ta sauko daga mota, ta taka ruwan da takalmanta, ta ciro makulli ta buɗe kwado. 'Yan kwana-kwana biyu suka shiga suka kama ƙafafunsa suka ja, kwat ya yage, taga ta biyo shi da katakonta. Curt ya shiga ɗakin. Ya kashe murhu, ya ɗaura sarƙa, ya ja ɗakin da motarsa zuwa busasshen wuri kafin ruwan ya daskare ya riƙe shi.

Aka ɗunguma gidan tsohuwar, wanda ya yi sanyi kamar firji saboda ƙofar Faransawa. Maza suka toshe ta da katifa. Mama Solveig ta ɗumama abinci ta ciyar da duk wanda ya fito nema, ba ta bar kowa ba. Da aka fara tafiya, Verna ta tsayar da mijinta a bakin ƙofa, bargo a kafaɗa, ƙafafu a cikin roba mai ruwan ɗumi, ya ba kowa haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Tun yana cewa "kuskuren fahimta ne" har ya koma "na yi wauta" kawai.

Curt da matarsa ne kusan na ƙarshe. Curt ya sa kwat, ya ɗora hannu a mariƙin ƙofa. Mama Solveig ta miƙa masa robar abinci, ya ƙi sau biyu, ya karɓa. Sannan ta zaro makulli ta ɗora a kan murfin robar.

"Ka gyara tagar," in ji ta.

"Uhm," in ji Curt.

Delmer na tsaye, tsakaninsa da makullin bai fi tsawon hannu ba. Ya buɗe baki zai ce su Faransawa dama kifin teku suke ci, sai ya fasa. Ya bi makullin da kallo har ya shige aljihun Curt.

Gida ya watse, saura su. Delmer ya share ƙafa, ya tono takalmansa, ya sa kwat ɗinsa na gaskiya, ya ɓalla maɓallai har wuya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kama mariƙi, ya gyara murya.

"To, Mama," ya ɗaga murya, "bari mu kama hanya."

Ba amsa. A kicin famfo na ɗiga.

"Mama? Mun fa tashi."

"Ta shiga ɗaki," in ji Verna, tana ɗaura gyale.

"Ba ta ce komai ba?"

"Ba ta ce ba."

"Ko 'yar roba?"

Verna ta wuce shi ta fita. Ya ɗan ƙara tsayawa, ya yi tari, ya kaɗa makullin mota don a ji. Daga ƙarshe ya ja ƙofa a hankali ya bi ta. Ya tada mota, ya sauke gilas har ƙasa, ya zuba wa matakalar gidan ido. Iska na shigowa tana yanka kunne, rana na shirin faɗuwa, ba wanda ya fito.

"Ƙila tana neman murfin robar ne," in ji shi.

"Ɗaga gilas, Delmer," in ji Verna.